Jan Hankali Ga 'Yan Uwa 'Yan Hatsi A Kan Gwajin Mota Kafin Biya

Muna so mu taɓo wata magana wadda ba ta farashin gero ko dawa ba ce, amma tana cin jarin ɗan hatsi fiye da faɗuwar farashi. Kaka ta yi, kuɗi sun shigo hannu, kuma da yawa cikinmu sun fara leƙa wuraren masu sayar da motoci na titin Zariya da titin Maiduguri, kowa yana neman a-kori-kura ko ƙaramar motar da za ta riƙa kwaso masa kaya daga Dawanau zuwa Tarauni.

Abin mamaki shi ne, mu da ba ma sayen buhu guda sai mun soka masa ƙarfe sama da tsakiya da ƙasa, mun zuba a tafi, mun busa, mun tauna, mun duba ko da tsakuwa ko ƙwari, mu ne kuma za mu ƙirga kuɗin buhu ɗari ko fiye mu miƙa a kan motar da ba mu zauna cikinta minti goma ba. Dalili kuwa kunya. Dillali ya ce, “Haba Alhaji, ai wannan ko Makka za ta kai ka,” sai mutum ya ji nauyin ya ce a ƙara zagaye.

Mun ga wannan da idonmu, don a rumfarmu aka yi. Wata shekara muka haɗa kuɗi da abokin cinikinmu muka je wani wurin sayar da motoci a gefen Gyadi-Gyadi. Ko da muka isa mun tarar an wanke motar, an riga an tashe ta tana ta kiɗa. Yaron wurin ya ja, muka bi Court Road muka juyo, babu kaya, babu gargada, ko giya ta huɗu ba a shiga ba. Muka biya. Kwana uku da haka aka ɗora mata buhu goma na masara a Dawanau, ba ta wuce Kurna ba lagireto ya tafasa, gasket ya ƙone. Masarar ta kwana a bakin titi da mai gadi na haya, mai kayan da muka yi wa alkawari a Tarauni ya saya a wajen wani, motar kuma ta yi mako biyu a gareji. Da muka koma, abin da aka ce mana shi ne, “Ai kun gwada.” Kuma gaskiya ne, mun ce mun gwada.

To wannan zagayen ba gwaji ba ne. Gwaji shi ne ka zo da sassafe kafin kowa ya taɓa makulli, ka ɗora hannu a kan injin ka ji shi da sanyi, sa'an nan a tayar a gabanka, domin injin da ya gaji da sanyin safiya yake tona kansa. Ka tsaya bayanta ka dubi hayaƙin salansa: shuɗi alamar tana shan baƙin mai, fari mai kauri wanda ba ya yankewa alamar ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Ka zo da makanikinka wanda kai kake biya, ba wanda dillali zai kira daga tsallaken titi ba. Sa'an nan, wanda shi ne babba, a ɗora mata kaya. Motar hatsi ba a gane ta fanko. Buhu biyar ma sun isa su nuna maka kuloci da birki da sifirin. A bi da ita titin Zariya har Na'ibawa ta sami gudu, a dawo a shiga cunkoson Unguwa Uku a ga ko allurar zafi za ta hau, kana a kutsa lungunan Tarauni inda ramuka suke. Lambar mita kada ta ruɗe ka, ana juya ta. Takardun kwastan kuwa a gwada lambar da ke jikinsu da ta jikin shasi, musamman tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, alhali ba a fasa kawo 'yan Kwatano ta bayan fage ba.

Wani zai ce wannan tsanani ne, ko rashin yarda da ɗan uwa. A'a. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin ciniki a Risala ya san cinikin zaɓi, watau a ƙulla ciniki da sharaɗin ɗan lokaci domin mai saye ya jarraba kaya ko ya yi shawara, kuma ba a sharɗanta biyan kuɗi a cikin wannan lokaci. Muhtasar ma ya ƙayyade wa dabba kamar kwana uku, ya kuma ba da kamar yini guda don a hau ta a gani. Iyayenmu da suka yi fatauci da jakuna ba su taɓa sayen jaki ba sai sun buɗe bakinsa sun ɗora masa mangala. A-kori-kura jakin zamani ce, ba mu ga abin da ya raba su ba sai tsada.

Amma fa mu yi wa masu motoci adalci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowane zagaye kuɗi ne. Akwai masu zuwa gwaji don shan iska kawai, ba su da niyyar saye, akwai kuma wanda zai goga mota a jikin Adaidaita Sahu ya ce ba shi ba ne. Saboda haka mai saye shi ya kamata ya zuba mai daga aljihunsa, yaron mai mota ya zauna a gaba, kuma a faɗa tun farko wanda zai ɗauki ɓarna in an yi. Kuɗin man nan bai kai kuɗin kwano goma na wake ba, balle kuɗin sauke inji.

Abin da muke roƙon shugabannin masu sayar da motoci na wannan yanki shi ne su mayar da wannan al'ada a rubuce: takarda guda, da boko ko da ajami, mai sunan mota da lambarta, da sa'o'in gwaji, da shaidu biyu, la'adar dillali kuma ta jira sai an gama. Mai motar da ya san kayansa lafiya suke ba abin da zai rage shi. Wanda kuwa ya ce motarsa ba ta fita ƙofar fili sai an biya, to ka yi masa godiya, ka sa takalminka, wurare suna nan jere har gadar Dangi.