Sirrin Mai Murza Ƙwallo Yana Inda Ya Sake Ta

Mazauna Legas da ke bi ta filin Tafawa Balewa sun saba ganin masu fararen kaya suna wasan kurket, to yau a kansa zan ɗan yi tsokaci.

In ana hirar masu jifan da ke murza ƙwallo, kowa sai ya kawo jifan da Shane Warne ya yi wa Mike Gatting a Manchester a 1993, yadda ƙwallo ta dira can gefe ta karkato ta bugi sanda. An yi bajinta kam. Amma ni a ganina yawan juyawar ƙwallo bai kai wurin da hannu ya sake ta muhimmanci ba.

Ku ɗauki Ravichandran Ashwin na Indiya, wanda ya yi ritaya a 2024 bayan ya fitar da masu bugu sau 537 a wasannin kwana biyar. Babu wanda ya kai shi fitar da bahagwai. Ƙwallonsa in ta dira tana guje wa bahago ne. Idan ya jefo ta hagun alƙalin wasa, sau da yawa takan dira a bayan ƙafar bahagon, doka kuwa ta ce wadda ta dira a nan ko ta bugi ƙafa ba a fitar da mutum, don haka sai ya tare ta da ƙafa hankali kwance. Da Ashwin ya zagayo ta dama, labari ya canza. Ƙwallo na tahowa a karkace tana neman sanduna, ta dira daidai saitinsu. In ta juya ta goge gefen katakon bugu a cafe, in ta ƙi juyawa ta bugi ƙafa. Ben Stokes na Ingila ya faɗa hannunsa fiye da sau 10.

Na'urar sake duba hukunci da aka fara gwadawa a 2008 ta ƙara wa masu bugu wahala, domin yanzu alƙalai ba sa shakkar ɗaga yatsa.

Akwai kuma tsayin hannu. Wanda ya saki daga sama ƙwallonsa tsalle take yi, wanda ya kwantar da hannu irin Kedar Jadhav tasa sulalewa take ƙasa-ƙasa, dogon mutum ya rasa yadda zai shiga ƙarƙashinta. Shi ya sa nake ganin ragwanci ne kyaftin ya hango bahago ya kira mai murza ƙwallo kawai, bai tambaye shi ta wane gefe zai jefo ba.