Gwajin ƙwaya kafin tallafin abinci: zargin da ke ɓoye cikin tambaya

Ɗalibin da ya zauna ajin ilimin ma'ana ya san irin tambayar nan: «Ka daina shan ƙwaya?» Wanda aka yi wa ita ba shi da mafita. In ya ce i, ya yarda cewa da can yana sha. In ya ce a'a, ya yarda cewa har yanzu yana sha. Aikatau «daina» yana ɗauke da wani zance da ba a furta ba, wanda mai magana ya ajiye tamkar an riga an yarda da shi. Masanin harshe Bafaranshe Oswald Ducrot ya yi nazarin irin wannan ɓoyayyen zato a littafinsa Dire et ne pas dire na 1972, ya nuna cewa amsar «a'a» ba ta rushe shi, domin yana ƙarƙashin tambayar tun kafin a zo kan amsa. A ƙasar Amurka akwai manufar gwamnati da ke yin irin wannan tambaya da ƙoƙon fitsari a maimakon baki: tilasta wa matalauta gwajin miyagun ƙwayoyi kafin a ba su tallafi. Manufar ta faɗi a kotu, ta faɗi a lissafi, amma ba ta mutu ba, kuma dalilin rashin mutuwarta yana cikin harshe.

Amurka tana da tsare-tsare biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko tallafin abinci ne, wanda shugaba Lyndon Johnson ya sa wa dokarsa hannu a 1964, lokacin da ake rabon takardun sayen abinci. A 2008 aka sake masa suna zuwa SNAP. Mutane wajen miliyan 40 ne ke cin abinci ta hanyarsa, kusan kashi biyu cikin biyar nasu yara ne, kuma abin da ke faɗa wa mutum ɗaya a rana bai wuce dala 6 da ƴan kai ba. Kuɗin yana shiga wani kati ne da ba ya sayen giya ko taba. Na biyu tallafin tsabar kuɗi ne ga iyalai masu ƙananan yara, TANF, wanda dokar da shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Agustan 1996 ta kafa. Dokar ta ba jihohi damar gwada masu karɓar wannan kuɗi, ta kuma haramta tallafin biyu har ƙarshen rayuwa ga duk wanda kotu ta kama da babban laifi na ƙwaya, sai fa in jiha ta zaɓi ta sassauta. Kusan dukkan jihohi sun sassauta daga baya, amma wasu sun maye gurbin haramcin da sharaɗin gwaji.

Dokar tarayya ba ta yarda a gwada duk masu karɓar tallafin abinci ba, sai dai an yi ta ƙwanƙwasa ƙofar. Jihar Jojiya ta yi dokar gwada wasu daga cikinsu a 2014, ma'aikatar noma ta tarayya ta ce ba ta da hurumi. Gwamnan Wiskonsin, Scott Walker, ya kai gwamnatin tarayya kotu a 2015 yana neman a bar shi ya yi gwajin. Kowane zagaye na muhawarar dokar noma, wadda tallafin abinci ke cikinta, sai batun ya sake ɗagowa. Ya kuma tsallaka teku: a 2017 gwamnatin Ostireliya ta nemi gwada sabbin masu karɓar tallafi 5,000, majalisar dattawa ba ta amince ba.

Inda aka jarraba abin a aikace shi ne tallafin kuɗi, kuma nan ne alƙaluma suka fito. Jihar Mishigan ta fara a 1999, kotu ta dakatar da ita. A watan Yulin 2011 jihar Filorida, ƙarƙashin gwamna Rick Scott, ta wajabta gwajin ga kowane mai neman tallafi. Mai nema shi ke biyan kuɗin gwajin, wajen dala 30, in ya fita fes a mayar masa. Cikin wata huɗu an gwada mutum 4,086; 108 ne kawai aka samu da alamar ƙwaya, wato kashi 2.6 cikin 100, akasarinsu kuma tabar wiwi ce. Binciken ƙasa na gwamnatin tarayya na 2013 ya nuna cewa kashi 9.4 cikin 100 na ƴan ƙasar masu shekara 12 zuwa sama sun yi amfani da haramtacciyar ƙwaya cikin watan da ya gabaci binciken. Hanyoyin auna biyun ba iri ɗaya ba ne, amma ko da an yi rangwame, babu abin da ya nuna cewa matalautan Filorida sun fi maƙwabtansu shaye-shaye. Jihar ta mayar wa waɗanda suka fita fes dala 118,140, abin da ya zarce da kusan dala 45,000 kuɗin da ta ce ta tsimi daga hana waɗanda suka faɗi.

Wani tsohon sojan ruwa, ɗalibin jami'a mai rainon ɗansa shi kaɗai, ya ƙi miƙa fitsarinsa ya kai ƙara. Kotun tarayya ta dakatar da dokar a watan Oktoban 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da rushe ta a watan Disamban 2014. Hujjar ita ce gyara na huɗu na tsarin mulkin ƙasar, wanda ya hana hukuma bincikar jikin mutum ba tare da dalili ba, kuma talauci ba dalili ba ne.

Masu goyon bayan gwajin suna da hujjoji uku, kuma ya dace a saurare su kamar yadda suka faɗe su. Suna cewa kuɗin haraji guminsu ne, bai kamata ya tafi aljihun dillalin ƙwaya ba. Suna cewa ma'aikata da yawa ana gwada su kafin a ɗauke su aiki, don me mai karɓar tallafi zai fi su gata. Suna kuma cewa gwajin hanya ce ta gano mai jaraba a kai shi magani.

Hujja ta farko tana da tushe, domin ana samun masu sayar da katin abinci su karɓi tsabar kuɗi. Amma ma'aikatar noma ta auna wannan zamba tsakanin 2012 da 2014 ta same ta kusan santi ɗaya da rabi a kowace dala, kuma ana kama ta ne ta bin sawun cinikin shaguna, abin da gwajin fitsari ba ya nunawa. Hujja ta biyu kotun ƙolin ƙasar ta riga ta ja mata iyaka. A 1989 ta yarda hukuma ta gwada ma'aikatan jirgin ƙasa da wasu jami'an kwastan, saboda kuskurensu na iya cin rayuka. A 1997, a shari'ar Chandler da Miller, ta rushe dokar Jojiya da ta wajabta gwajin ga ƴan takarar manyan muƙaman jiha, tana mai cewa dokar alama ce kawai, ba ta magance wani haɗari da aka tabbatar ba. In ɗan takarar gwamna ya fi ƙarfin a tilasta masa ƙoƙon fitsari don nuna alama, uwa mai neman madarar jariri tana ƙarƙashin tsarin mulki ɗaya da shi.

Hujja ta uku ita ce ta fi kama da tausayi, ita ce kuma ta fi rauni in an duba yadda gwajin ke aiki. Ɓurɓushin wiwi yana maƙalewa a kitsen jiki, don haka yakan fito a fitsari bayan kwanaki da yawa, har makonni ga mai yawan sha. Hodar iblis kuwa takan ɓace cikin ƴan kwanaki, giya kuma ba ta cikin jerin abubuwan da aka saba nema. Gwajin yana kama wanda ya sha wiwi makon jiya, ya saki mashayin giyar da gidansa ke rushewa. Ba ya bambanta mai jaraba da wanda ya ɗana sau ɗaya, kuma matakinsa na farko yakan yi kuskure saboda wasu magungunan asibiti, sai an sake tantancewa a ɗakin gwaji. Ko an kama mai jarabar gaske, cire shi daga lissafin tallafi yana rage abincin gidan duka, domin tukunya ɗaya ce, yaro kuma ba ya cin rabonsa daban.

Tunda manufar ba ta tsimin kuɗi kuma ba ta warkar da kowa, sai a tambayi aikin da take yi. John Austin ya koyar a littafinsa na 1962 cewa akwai furucin da aiki ne shi kansa, kamar ɗaurin aure ko yanke hukunci. Dokar gwaji ma haka take: ranar da aka zartar da ita ta riga ta gama aikinta, ko da ba a gwada kowa ba, domin ta ɗaura «mai karɓar tallafi» da «ɗan ƙwaya» cikin jimla ɗaya da hatimin hukuma. Sakamakon kashi 2.6 bai kwance wannan ɗauri ba, kamar yadda «a'a» ba ta kwance «daina». Magana zarar bunu ce. Masu goyon baya sukan ce ƙarancin waɗanda aka kama shaida ce cewa masu sha sun gudu kafin gwaji. Da an kama da yawa kuma da sun ce ga shi nan. Zaton da kowane sakamako ke tabbatarwa ya daina zama abin bincike. Kuma wanda ba shi da dala 30 a hannu ko motar zuwa ɗakin gwaji shi ma za a lissafa shi cikin «waɗanda suka gudu».

Ana gane inda zaton ya dosa ta hanyar duba waɗanda ba a tambaya. Dokar noma da ke ɗauke da tallafin abinci ita ce ke ɗauke da tallafin manyan manoma, ba a kuwa taɓa gindaya musu sharaɗin fitsari ba. A 2016 ƴar majalisa Gwen Moore ta gabatar da ƙudurin gwada masu hannu da shuni da ke neman babban rangwamen haraji, don ta nuna wannan son kai. Ƙudurin bai je ko'ina ba. A 2013 ɗan majalisa Trey Radel na Filorida ya jefa ƙuri'ar goyon bayan ƙudurin da zai bar jihohi su gwada masu tallafin abinci, ƴan makonni bayan haka aka kama shi da hodar iblis, ya amsa laifi, ya yi murabus a farkon 2014. Laifi tudu ne. Tun yaƙin neman zaɓen 1976 Ronald Reagan ya yi ta ba da labarin wata mata ta Chicago da ta damfari tsarin tallafi, har laƙabin «sarauniyar tallafi» ya zauna a bakin jama'a. Zambar mutum ɗaya ta zama sunan miliyoyi.

Erving Goffman ya tuna a littafinsa na 1963 cewa kalmar stigma a Girkanci tana nufin tambarin da ake yankawa ko ƙonawa a jikin bawa ko mai laifi don a guje shi. Tambarin yau yana da farashi da ake iya aunawa: a shekarun 2010 ƙasa da rabin tsofaffin da suka cancanci tallafin abinci a Amurka ne suke karɓa, kuma jin kunya yana cikin dalilan da bincike ke kawowa, tare da wahalar cika takardu da ƙarancin abin da ake samu. Hukuma ta san da wannan. Katin da ya maye gurbin takardun saye ya rage kallon da ake yi wa mutum a layin biyan kuɗi, sauya suna na 2008 kuma an yi shi ne, a wani ɓangare, don rage tsangwama. Sai dai sabon suna ba ya daɗewa da tsabta in tsohon zato yana nan, kamar yadda «almajiri», daga Larabcin mai hijira don neman ilimi, ya koma nufin mabaraci a bakin mutane da yawa.

Hausa tana da kalma ɗaya da ta dace da wannan manufa: gori. Mai gori ya bayar, amma ya karɓi mutunci a madadin abin da ya bayar, shi ya sa malamai ke koyar da cewa gori yana ɓata sadaka. Harshen yana kuma bambanta «sadaka» da «tallafi» da «haƙƙi», kowace da matsayin da take ba mai karɓa. Wannan ya shafi ɗaliban Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai kai tsaye, domin daga cikinsu ne ake ɗaukar masu fassara takardun tambayoyi da sanarwar rediyo idan an zo rabon abinci a lokacin da rumbu ya ƙare kafin kaka. Mai fassara ne ke zaɓar ko bénéficiaire zai zama «mai cin gajiya» ko «mai haƙƙi», ko vulnérable zai zama «mai rauni» ko «gajiyayye». Shi ne kuma zai fara ganin «daina», «har yanzu» ko «sake» sun kutsa cikin tambayar da za a yi wa magidanci a gaban maƙwabtansa.

Jarabar ƙwaya cuta ce ta gaske, tana cikin gidajen matalauta kamar yadda take cikin gidajen attajirai. Dalolin da Filorida ta kashe wajen tabbatar da cewa kusan mutum 4,000 ba su da laifi da sun fi amfani a asibitin da mai jaraba zai shiga da ƙafarsa ba tare da tsoron a yanke abincin ƴaƴansa ba. Sharaɗin tallafin abinci ya kamata ya tsaya inda dokar tarayya ta fi ajiye shi, wato abin da gida ke samu da yawan bakunan da ke ci. Tambayar da ta wuce wannan, mai tsara ta ya fara nuna dalilinsa na yin ta ga wannan mutum, kafin ya nemi amsa.