Jinjina ga Masu Riƙon Fansho, Saura Takardar Shaida

Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin ma'aikata a layin tantancewa, wasu da tabarma da buta, wasu jikoki na tallabe da su, ba zai yi rowar yabo ga hukumomin fanshon Najeriya, PenCom da PTAD, ba. Ta farko ta samu ne daga dokar gyaran fansho ta 2004, ta biyun kuwa an kafa ta a 2013 don waɗanda suka rage a tsohon tsari. Yau ɗan fansho yana da lambar asusunsa, bayanin kuɗinsa na shigo masa a waya, kuma yana iya tabbatar da cewa yana raye ta hanyar nuna fuskarsa ga kyamara daga ɗakinsa. Sannu da aiki, Allah ya saka.

Sai dai akwai wata ƙofar da wannan gyara bai kai gare ta ba, wato tagar ofishin jakadanci. Ƙasashen da ke ba da bizar ritaya ba sa karɓar “ai ana biya na”. Tailan tana son mutum ya kai shekara 50, ya nuna baht 65,000 na shigo masa duk wata, ko 800,000 a ajiye a banki. Fotugal tana auna kuɗin mai neman bizar D7 da mafi ƙarancin albashinta, yuro 870 a 2025. Panama ta tsaya a dala 1,000 a wata, amma da sharaɗin takarda ta faɗi ƙarara cewa fanshon na har ƙarshen rayuwa ne.

A nan gizo ke saƙar. A sabon tsarin Najeriya, mai ritaya yana zaɓar ko dai a riƙa tsakuro masa daga asusunsa wata-wata, ko ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya biya shi har mutuwa. Jami'in biza ba ya kallon biyun da ido ɗaya, kuma ya kamata a faɗa wa mutum haka tun ranar da zai sa hannu, tun kafin bakin alƙalami ya bushe. Ga shi Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta sauƙaƙa amincewa da takardun hukuma tsakanin ƙasashe, don haka sai takarda ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadanci ya buga nasa hatimin.

Gaskiya ne, da darajar naira a yanzu, 'yan fansho ƙalilan ne za su kai waɗannan adadi. To amma ƙalilan ɗin ma haƙƙinsu ne. Hukumomin biyu su fitar da takardar shaida iri ɗaya, mai ɗauke da adadin kuɗin wata, da nau'in fanshon, da lambar da jami'in biza zai duba ta intanet ya gaskata, kuma dattijo ya same ta ba tare da ya hau motar Abuja ba.