Cromwell da Makarancin da Ya Riga Ya Yanke Hukunci

A ranar 30 ga Janairun 1649 aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a Landan, bayan mutum 59 sun rattaba hannu a kan takardar hukuncin kisansa, cikinsu har da Oliver Cromwell. Tun daga lokacin ba a daina rubuta littattafai a kan wannan zamani ba, kuma yadda makaranta ke karɓar su na nuna wata cuta: da yawa sukan buɗe littafi ne don neman wanda zai goyi bayan hukuncin da suka riga suka yanke.

A 2022 Robert Harris ya fitar da ƙagaggen labari mai suna Act of Oblivion, a kan Edward Whalley da William Goffe, biyu daga cikin masu sa hannun nan, waɗanda suka tsere zuwa Amurka a 1660 bayan dawowar sarauta. Mai farautarsu a labarin, Richard Nayler, ƙirƙirarre ne, kuma Harris da kansa ya faɗi haka a cikin littafin. Makarancin da ya ɗauki Nayler a matsayin mutumin tarihi ya yi sakaci. Wanda kuma ya zargi marubucin da gurɓata tarihi ya yi zalunci, domin wanda ya sanar da ƙagensa tun farko bai yaudari kowa ba.

Inda ya kamata a tsananta bincike shi ne littafin da ke iƙirarin tarihi ne tsantsa. A Satumbar 1649 sojojin Cromwell suka ci garin Drogheda a Ailan, kuma shi da kansa ya rubuta wa majalisa cewa ya hana a bar duk mai riƙe da makami da rai. A 1999 Tom Reilly, ɗan asalin Drogheda, ya wallafa Cromwell: An Honourable Enemy, yana musanta cewa an yi wa fararen hula kisan kiyashi. Masoya Cromwell suka yi murna, wasu 'yan Ailan suka harzuƙa. A 2008 masanin tarihi Micheál Ó Siochrú ya fitar da God's Executioner, wanda ya ɗora wa Cromwell alhakin jinin da aka zubar, sai masu tafi da masu tsaki suka sauya wuri. Tambayar da ta dace da littattafan biyu guda ce: wace shaida marubucin ya kawo, wane ne ya rubuta ta, a wace shekara, kuma me ya amfana da ita?

Za a ce ciwon Drogheda bai warke ba, don haka fushi halas ne. Gaskiya ne, amma fushi ba ya tantance takarda. Ingila ta tono gawar Cromwell ta rataye a 1661, sannan ta kafa masa mutum-mutumi a harabar majalisa a 1899, alhali abin da ya aikata a 1649 yana nan yadda yake.

Makarancin da ke son gaskiya ya bar wa mai ƙagen labari 'yancin da ya nema a fili, ya kuma fi matsa wa littafin tarihin da ya faranta masa rai, domin a nan ne yake saurin yarda ba tare da neman hujja ba.