Takardar Fili a Meiganga

Tun da dokar 1974 ta hukunta cewa a Kamaru babu hujjar mallakar fili face takardar hukuma, ya wajaba ga mai gona a Meiganga da ke son mallakarta a hukumance, ko da ya gāje ta kaka da kakanni, ya kai buƙatarsa ofishin sufurefe, kwamitin da ya ƙunshi dagaci da dattawa biyu ya zo ya duba, a kafa duwatsun iyaka, a rubuta a kundi. Alhali talakawa da shaidar baki suka dogara, shaidu kuwa mutuwa suke yi. A ganina wajibi ne malamai su faɗakar da jama'a kan neman wannan takarda a huɗubobinsu, domin rabon gādo ba ya inganta bisa shubuha, balle yanzu da 'yan gudun hijirar Afirka ta Tsakiya suka ƙara cunkoso a ƙasar Mbere, inda Meiganga take.