Ka ɗaura SSD a kwamfutarka, amma ka auna ta?

Matasa da dama sun koma sayen kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya suna harhaɗawa a gida, domin tace bidiyo, zane ko koyon rubuta manhaja. Abin a yaba ne. Sai dai akwai sakacin da ke cin kuɗinsu ba su sani ba: a sayi ma'ajiyar SSD da tsada, a ɗaura, a ci gaba da aiki ba tare da an gwada ko tana bayar da saurin da aka biya dominsa ba.

Tsohuwar ma'ajiya mai faifan da ke juyawa ba ta cika wuce megabayit 200 a daƙiƙa ba. SSD mai amfani da SATA III tana kaiwa kusan 550, ita kuwa NVMe a kan PCIe 3.0 tana iya kaiwa 3,500. Amma idan aka jona SSD a tsohuwar kafar SATA II, ba za ta wuce 300 ba, wato kusan rabin saurin ya tafi a banza.

Gani ya kori ji. Manhajojin CrystalDiskMark da CrystalDiskInfo kyauta ne. Ta farko tana auna sauri, ta biyu tana nuna lafiyar ma'ajiyar da yawan awannin da ta yi tana aiki. Wanda aka sayar wa “sabuwa” ya tarar ta yi dubban awanni a kunne, ya san tsohuwa aka ba shi. Shi ya sa ya kamata a yi gwajin tun ranar saye, lokacin da mayar da kaya bai zama rigima ba.

Daga nan sai a leƙa BIOS. Ga SSD ta SATA, a tabbatar tana kan tsarin AHCI, ba IDE ba, kuma a saita hakan kafin a ɗora Windows, domin sauyawa daga baya na iya hana kwamfutar tashi. A kuma tabbatar a kan SSD ɗin aka ɗora Windows, kuma ita ce ta farko a jerin na'urorin da kwamfuta ke tashi da su. Idan Windows na kan tsohon faifai, jinkirin tashi na nan daram.

Ba kowane jinkiri ne laifin SSD ba. A Task Manager, sashen Startup yana nuna daƙiƙun da BIOS ya ci kafin Windows ta fara tashi, da manhajojin da ke buɗe kansu da zarar an kunna. Kashe waɗanda ba a buƙata kan rage jira ba tare da an kashe ko kwabo ba. A bar wa ma'ajiyar sarari kuma, don takan yi nauyi idan ta cika maƙil.

Akwai kuma matsalar da muka fi kowa sani: ɗauke wuta. Yankewar lantarki ana tsakiyar adana bayanai na iya lalata fayil. Wanda ya haɗa kwamfutar tebur ya sa UPS cikin lissafinsa, ya kuma ajiye kwafin muhimman ayyukansa a wani wuri dabam, domin SSD kan mutu ba tare da ƙarar gargaɗin da tsohon faifai ke yi ba.

Muna kira ga masu sayar da kayan kwamfuta su riƙa yin wannan gwaji a gaban mai saye, su ba shi rasit da wa'adin garanti a rubuce. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya asarar komai da gwajin minti goma. Shi kuma mai saye, kada kunya ta hana shi cewa a kunna a auna kafin ya biya.