Aljanun Cikin Littafi Ba Su Ɓata Imani

Kwanan baya a Sabon Garin Wudil na ji wani malami yana yi wa wani dattijo faɗa, don ya tarar da shi a zaure yana karanta Ganɗoki. Dattijon nan sai da furfura ta fito masa ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Malamin ya ce masa labarin aljanu ƙarya ce, mai karanta ƙarya kuwa abokin mai yin ta ne. Tsoho ya rufe littafi, jikinsa ya yi sanyi. To, ni ban yarda ba.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Da Dokta R. M. East ya zaga garuruwa a 1933 yana neman malamai su rubuta labarai don gasar Ofishin Fassara na Zariya, ya iske da yawa suna ganin ƙaga labari aikin mata da yara ne, bai kamaci mai ilmi ba. Amma su wa suka amsa kira? Malam Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina daga baya, shi ya rubuta Ganɗoki. Ƙanensa Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja. 'Ya'yan alƙali ne, gidan karatu suka tashi, sun san haram sun san halal.

Mene ne ƙarya? Ita ce ka gaya wa mutum abin da bai faru ba don ya ɗauka ya faru. Tsohuwa kuwa in ta ce "ga ta nan ga ta nanku", har yaron goye ya san gizo zai fito. Ba wanda aka ruɗa.

Sa'an nan a duba aljanun kansu. Alƙur'ani mai girma yana da sura sukutum mai sunansu, inda aka ba da labarin waɗanda suka saurari karatu suka ba da gaskiya. A Suratun Namli ifritu ya tsaya gaban Annabi Sulaimanu yana neman a aike shi ya ɗauko gadon sarauniyar Saba. Watau bayi ne, akwai na kirki akwai na banza, kuma ba su san gaibu ba. Haka Bello Kagara ya ɗauke su. Ganɗoki, bayan ya gwabza da Turawa, ya faɗa ƙasar aljanu, bai yi musu yanka ba, bai durƙusa musu ba, addini ya kai musu. Wannan ai kishiyar bori ne, malam bai dai karanta ya kai wurin ba. Ina ma zaton bangon littafin kaɗai ya gani.

Na yarda akwai inda za a yi hattara. Labarin da ya sa aljani yana ba da haihuwa ko arziki, a roƙe shi ya biya, ya ba bawa abin da yake na Ubangiji ne, wannan a tsawata. In ma laifi ake nema a Ruwan Bagaja, ba wajen aljanu yake ba, yana wajen 'yan Adam, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, da suka yi ta cutar juna da cutar bayin Allah muna ta dariya. A 2007 an tara littattafan Hausa an ƙone a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Wuta ba ta iya wannan bambancewa ba, sai wanda ya zauna ya karanta daga farko har ƙarshe. Ran Juma'a in na shiga kasuwar Wudil zan nemi dattijon nan, in tambaye shi shafin da ya tsaya.